Zaren Likkafanin Iya Asibi

A garin Dangora da ke ƙasar Kiru an yi wata budurwa mai suna Ramla, 'yar Malam Ubale manomi. Allah ya hore mata hannu. Da ta riƙe kwarashi, 'yar ƙugiyar nan ta saƙa, sai ka ga zare yana gudu tsakanin yatsunta, kafin a sauke tukunyar tuwo ta gama hular jariri. Ba ta da rowa, ba ta yi wa manya tsiwa. Aibinta biyu ne, kuma su suka ja mata abin da ya same ta: tana da son yabo, kuma ba ta iya jira ba. In ta ga abu a gida ya yi mata, ɗauka take yi, in an tambaya ta ce, "Ai na gida ne, zan mayar." An sha yi mata faɗa a kan almakashin mahaifiyarta da turaren yayarta, amma da yake abubuwan ƙanana ne, faɗan ma ƙarami ake yi, a yi dariya a wuce.

A gidan akwai kakarta ta wajen uba, Iya Asibi. 'Yar ƙasar Doguwa ce, aure ya kawo ta Dangora. Ita ta karɓi Ramla tun daga yaye, a ɗakinta ta girma, a kwanonta ta koyi cin tuwo. Kullum cikin tsokanar juna suke. Iya tana kiranta "ƙawata," ita kuwa Ramla in ta so jan magana sai ta ce "tsohuwa mai ran ƙarfe."

Iya Asibi tana da buri guda ɗaya a duniya, kuma ba ta ɓoye shi ba. Tana so ranar da ta cika a suturta ta da farin da aka saƙa da zaren da ta kaɗa da hannunta. Haka aka yi wa mahaifiyarta, haka aka yi wa kakarta. Don haka ta sa aka bar mata 'yar kusurwa a bayan gida tana shuka auduga. Ita take tsinka, ita take gurza, ita take shiɓa, sannan ta zauna a bakin ƙofa da mazari tana kaɗi. Shekara da shekaru tana wannan aiki. Duk dunƙulen da ta gama sai ta jefa shi cikin wani babban adudu mai murfi da ke ƙarƙashin gadonta, ta barbaɗa busasshen ganyen darbejiya don kada ƙwari su ci.

Da adudu ya cika, sai yanar ido ta rufe mata gani, sanyin ƙashi kuma ya lanƙwashe mata yatsu. Mazari ya gagare ta. Ba ta damu ba, don aikin ya riga ya kammala. Ta aika wa Baba Ɗanasabe, tsohon masaƙin da ya rage a Ba'awa, ya ce a bari a gama girbi ya kafa masaƙa, sai a kai masa. Daga nan ta koma jira. Kullum da safe takan jawo adudun, ta ɗaga murfi, ta shafa saman zaren, ta mayar.

"Iya, kullum sai kin gaida shi?" in ji Ramla wata safiya. "Ko tsoro kike ya gudu?"

"Ke dai kawo min kununa ki bar ni da kayana. Wannan ce rigar da ba za ki ara ba."

"Wa yake son rigarki? Ko wuya babu."

"Za ki sa irinta, 'yar nema. Taki ma ta kanti ce, mai santsi."

Suka yi dariya. Kowa a gidan ya san abin da ke cikin adudun nan, har yara. Ramla ta fi kowa sani. A riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne.

A garin akwai wata cibiya da ake koya wa 'yan mata ɗinki da saƙa. Mai koyarwa, Malama Hamdiyya, mace ce mai himma, mai son a ga aikinta. Kakarta da ta koya mata saƙa ta rasu a farkon damina, abin ya taɓa ta ƙwarai. Sai ta zo wa ɗalibanta da shawara. Kowace yarinya za ta haɗa 'yar tsana ta tsumma, ba ido ba hanci, kamar yadda liman ya ba da shawara, sannan ta saƙa mata kaya irin na kakarta: zani, riga, ɗankwali da mayafi. Za a sa rana a gayyato kakannin, kowace jika ta durƙusa ta miƙa wa tata. Waɗanda kakanninsu suka rasu su yi don tunawa da addu'a. Ta ce har wata ƙungiyar mata daga birni za ta turo baƙi.

Shawara ce mai kyau, ba mai musu. 'Yan mata suka kama aiki. Mafi yawansu tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo suka warware suka sami zare. Husna, ƙawar Ramla, yayanta ya aiko mata da sabon zaren ulu daga Kano, mai ƙyalli, kala-kala. Ranar da ta zo da shi 'yan aji suka yanyame ta, Malama ma ta ɗaga shi tana juyawa. Ramla tana gefe da guntun zaren wata tsohuwar safa. Mahaifinta ya ce ta bari ranar kasuwa ya sayo mata a Kwanar Dangora. Ranar kasuwar ba ta da nisa. Amma a wajen Ramla, jira ya fi ciwo zafi.

Da ta koma gida ta tarar Iya ta fita barka maƙwabta. Ta shiga ɗakin, ta tsaya tana kallon ƙarƙashin gado. Ta ce a ranta, guda ɗaya ne, adudu cike yake, wa zai gane? Kuma ai don Iya za a yi. Ta ɗaga murfi, ta tura hannu can ƙasa, ta zaro dunƙule ɗaya.

Zaren ya yi mata daɗin aiki fiye da yadda ta zata. Yana da laushi, yana da kauri daidai kwarashi. Ta saƙa ɗan farin mayafi, ta yi masa baki mai ado. Washegari da Malama Hamdiyya ta gani sai ta ajiye duk abin da ke hannunta.

"Ramla! Ina kika samo wannan? Wannan ai zaren hannu ne!"

"Na kakata ne, Malama. Ita ta kaɗa."

"Allahu Akbar! Ku zo ku gani. Wannan shi ne ainihin abin da nake nufi. Zaren kaka, saƙar jika. Ita ta ba ki?"

A nan ne Ramla ta sami ƙofar fita, ta ƙi bi. Idanun aji duka suna kanta, har na Husna. Ta ce, "Ita ta ba ni. Ai muna da shi da yawa. Adudu guda."

"Adudu guda?" Malama ta dafa ƙirji. "To me zai hana duk 'yan tsanar nan a yi musu kaya da shi? Baƙin nan in suka ga haka sai sun rasa bakin magana. Ki roƙar mana Iya. Za ta yarda?"

"Za ta yarda," in ji Ramla.

Abin takaici, gidan Malam Ubale ba shi da nisa da cibiyar. Malama Hamdiyya takan wuce ta ƙofarsa safe da yamma. Malama ce, tambaya aikinta ne. Amma ba ta taɓa cewa bari in leƙa in gaida tsohuwar nan in yi mata godiya ba. Ba ta tambayi kanta me zai sa mace ta tara zaren hannu adudu guda a wannan zamani ba. Ta ga abin da take so, ta karɓa.

Daga ranar Ramla ta shiga jigila. Sai ta daidaici Iya tana alwala, ko tana shan hantsi a tsakar gida, ta shiga ta kwaso daga ƙasa. Da ta ga zaren ya fara sauka, sai ta tattaro tsummoki ta cusa a ƙasan adudun, ta jera ragowar dunƙulen a sama. Iya takan ɗaga murfi da safe ta shafa, ta ji kayanta cike, ta yi hamdala. Ramla tana tsaye da kofin kunu tana kallo. Gabanta yakan faɗi, amma da ta isa aji aka ce "ga uwar zare ta iso," sai faɗuwar gaban ta wuce. Tana gaya wa kanta cewa Iya ba yanzu za ta mutu ba, bayan biki za a san yadda za a yi.

Sai aka ce fari zalla ba zai yi kyau a hoto ba. Malama ta sayo garin rini. Aka hura wuta a bayan aji, aka ɗora tukwane. Zaren da tsohuwa ta tsare daga ƙura da hayaƙi shekara da shekaru aka tsoma shi cikin ja, da shuɗi, da kore, da ruwan goro. Aka shanya a igiya, aka yayyanka gajere-gajere aka raba wa 'yan mata. Ramla da hannunta ta juya tukunyar jan.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗaura lasifika. Tsofaffi suka zo cikin kayansu na Sallah, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da hannunsu. Iya Asibi ta sha sabon lalle, tana ta murna.

"Ƙawata, an ce kin yi ni da tsumma. Kin sa min haƙora dai ko?"

"Ina na ga haƙoran da zan kwaikwaya, Iya?"

"Za ki zo ki same ni."

Baƙi suka iso cikin mota, suna ta ɗaukar hoto da waya. Aka buɗe taro da addu'a. 'Yan tsana suna jere a kan tebur, kuma gaskiya sun yi kyau. Kowace ka kalla sai ka gane wadda aka kwaikwaya: ga mai ɗaurin ɗankwali a karkace, ga mai mayafi a kafaɗa ɗaya, ga ta wata Bafulatana da aka yi wa ɗan faifai a ka. Mutane suna nunawa suna dariya, wasu suna share hawaye.

Malama Hamdiyya ta karɓi lasifika ta ce, "Jama'a, kafin a miƙa, akwai wadda ya wajaba mu gode wa. Duk kayan da kuke gani a jikin 'yan tsanar nan, da zaren hannu aka saƙa su. Uwarmu Iya Asibi ce ta kaɗa shi, kuma ita ta ba mu kyauta, adudu guda!"

Wuri ya ɗauki tafi da guɗa. Iya Asibi ta juya kai hagu da dama. Ta taɓa tsohuwar da ke kusa da ita ta ce, "Wace Asibin?"

"Ke mana! Ashe haka kike da kyauta ba mu sani ba?"

Kafin ta amsa, jikoki suka fara durƙusawa. Ramla ta zo gabanta, ta ɗora mata 'yar tsana a cinya. Iya ta lalubo ta. Ta shafa kan, ta shafa zanin. Sai hannunta ya tsaya a kan mayafin. Ta kama bakin zaren ta murza tsakanin yatsu biyu. Ta daɗe tana murzawa. Sannan ta miƙa hannu ga maƙwabciyarta ta ce, "Ara min taki in ji." Ta murza. Ta miƙa hannu ɗaya gefen. "Ke ma ara min." Ta murza wannan ma. Ta mayar wa kowa tasa.

Ta sunkuyo daidai kunnen Ramla, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Wane launi ne a jikin tawa?"

Ramla ta ce, "Ja ne, Iya. Da shuɗi."

Sai ga wata baƙuwa ta kawo lasifika bakinta tana cewa, "Iya, a yi mana magana ko guda ɗaya." Ramla ta runtse ido. Kalma ɗaya ta isa ta tozarta ta a gaban gari duka. Amma sai tsohuwa ta ce, "Allah ya yi wa yaran nan albarka. Allah ya ba su masu yi musu." Aka ce amin, aka sake tafi.

Da aka tashi, baƙin suka ce aikin ya wuce a bar shi a ƙauye. Za su tafi da 'yan tsanar birni a nuna wa manya, daga baya a dawo da su. Malama ta amince nan take. Aka bi tsofaffi ana karɓe abin da aka miƙa musu ɗazu-ɗazu, aka zuba a kwali, aka sa a bayan mota. Kyautar da aka ce ta kakanni ce ko la'asar ba ta kai a hannunsu ba.

Iya da Ramla suka koma gida. Suna shiga Iya ta ce a kira mata Ubale. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Jawo min adudun nan."

Ya jawo.

"Juye shi a tabarma."

Ya juye. 'Yan dunƙulen da ke sama suka gangara. Bayansu sai tsummoki: yagaggen zanin atamfa, tsohuwar rigar makaranta, hannun wata shimi. Malam Ubale ya tsaya yana kallo kamar bai gane ba. Iya ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa, tana laluben tsummokin ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa gefe, ko za ta ci karo da zare a tsakani.

"Wa ya yi wannan?" in ji Malam Ubale. Muryarsa ta sauya.

Ramla ta faɗi a gaban kakarta tana kuka. "Ni ce, Baba. Wallahi guda ɗaya na yi niyya. Don in girmama ta na yi."

"Ki girmama ta? Da likkafaninta? Ke wace irin yarinya ce? Kasuwar Kwana ta ƙone ne? Ban ce zan sayo miki ba?"

Ya waiwaya yana neman abin duka. Iya ta ɗaga hannu.

"Ubale, kada ka taɓa ta. In ka doke ta zaren zai koma fari?"

Ya fita yana huci. Iya ta tattara ragowar dunƙulen a cinyarta, ta rungume. Ramla ta kama ƙafarta tana cewa, "Iya ki yafe min. Iya ki zage ni mana. Ki ce wani abu."

"Me zan ce? Da kin tambaye ni, da na ba ki guda ɗaya. Wallahi da na ba ki. Har biyu ma." Ta numfasa. "Ni da nake shafa tsumma kullum da safe ina gode wa Allah, kina tsaye a kaina da kunu."

Wannan maganar ta fi wa Ramla duka ciwo.

Washegari Malam Ubale ya tafi cibiyar da kansa. Ya ce a dawo da 'yan tsanar, ko warwarewa a yi a ga abin da za a tsira da shi. Malama Hamdiyya ta yi salati, ta ce ita ba ta sani ba, yarinya ce ta ce an ba ta. Ya ce, "Malama, ƙofata a kan hanyarki take." Ta sunkuyar da kai. Ta kira baƙin a waya. Suka ce kayan suna wajen nuni, a yi haƙuri. Da aka sake kira suka ce mai makullin ofis ta yi tafiya. Daga baya wayar ma ta daina shiga.

Ramla ta ɗebi guntayen da suka rage a aji ta kawo gida. Ta jiƙa su da sabulu, ta dafa su da toka, ta shanya, ta sake dafawa. Jan ya koma ruwan hoda, shuɗin ya koma toka-toka, ba wanda ya koma fari. Ta ɗauki ragowar farin da guntayen ta hau mota zuwa Ba'awa. Ta sami Baba Ɗanasabe a inuwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance ƙullin.

"'Yar nan, ina sauran? Asibi ta ce min adudu ne."

Ta ba shi labari tana kuka. Tsoho ya girgiza kai, ya ture masu launin gefe. "Waɗannan an yanka su, ba sa hawa masaƙa. Wannan farin kuwa zan saƙa mata, amma kada ki sa rai. Ba zai rufe mutum ba."

Ta dawo ta ce za ta koyi kaɗi ta cika adudun da kanta. Ta ɗauko mazari, ta tsinko ragowar audugar bayan gida, ta zauna gaban Iya. Iya ba ta hana ta ba. Tana gaya mata yadda za ta riƙe, yadda za ta ja. Amma kaɗi ba kwarashi ba ne. Ramla ta ja da sauri, zare ya tsinke. Ta ɗaura, ya yi ƙulli. Ta sake, ya fito wani wuri kamar igiya, wani wuri kamar gashi. Yini guda ba ta cika rabin mazari ba. Ta dubi abin da ta yi, ta dubi girman adudun, a ranar ta san nauyin abin da ta kwasa.

Iya ta karɓa ta shafa. Ta ce, "Ba laifi. In kika yi shekara kina yi zai miƙe."

"Iya, zan cika shi. Ki jira ni."

"Ni kuma wa zai ce wa Mala'ika ya jira ni?" Ta ɗan yi murmushi. "Yafewa na yafe miki, duniya da lahira. Sai dai yafewar ba za ta cika adudu ba. Kuma ko kin cika, hannunki ne, ba nawa ba."

Tun daga lokacin tsohuwa ta yi sanyi. Ba ta ƙara tambayar adudun ba. Ta rage fita hantsi, ta rage cin abinci. Ba wanda zai ce baƙin ciki ne ya kashe ta, don rai na Allah ne, kuma shekarunta sun ja. Amma duk wanda ya san ta ya ga bambanci. Mace ce da ta shirya tafiyarta tsaf tana jira da kwanciyar hankali, aka wayi gari an warware mata shiri, a lokacin da ba ta da ido ko yatsun sake wani.

Ana tsakiyar yankan dawa zazzaɓi ya kwantar da ita. Aka kai ta asibiti aka dawo. Wata ranar Laraba da hantsi ta cika, kanta a cinyar Ramla.

Gida ya cika da mata. Mai wanka, wata dattijuwa da ta san Iya tun zuwanta garin, ta leƙo daga ɗaki ta ce, "A miƙo farin nata." Malam Ubale ya tashi ba tare da ya kalli kowa ba, ya hau babur ya nufi Kwanar Dangora. Ya dawo da farin yadin alawayyo a cikin leda, irin wanda ake yi wa kowa. Liman ya ce masa kada ya damu, wannan ma sutura ce cikakkiya, addini bai ɗora wa kowa zaren hannu ba. Gaskiya liman ya faɗa. Amma da aka fara yaga yadin a zaure, ƙararsa ta shigo har cikin gida, Ramla ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Baba Ɗanasabe bai jira a gama girbi ba, abin da ya saƙa ya riga ya iso tun kafin rasuwar. Ɗan ƙyalle ne, bai wuce a naɗe kai da shi ba. Ramla ta ɗauko shi ta kai bakin ƙofa, ta miƙa wa mai wanka. Dattijuwar ta warware shi, ta juya, ta dubi bayan Ramla ko akwai sauran.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Da shi aka ɗaura wa Iya Asibi kallabi. Sauran jikinta kuwa yadin kasuwa ne.

Da aka fita da ita, cikin masu zaman makoki akwai tsofaffin da suka halarci taron nan. Ɗaya daga cikinsu, wadda ba ta san komai ba, ta ce, "Allah ya ji ƙan Asibi, mace mai kyauta. Ku tuna fa zarenta adudu guda ta ba yara suka yi wasa." Mata suka ce amin. Ramla tana zaune a tsakiyarsu. Ba ta iya cewa amin ba, ba ta iya cewa ƙarya ne ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ba a girmama mutum da abin da aka ɗauke masa a ɓoye, kuma girmamawa ita ce ka yi wa mutum abin da shi yake so, ba abin da zai sa a tafa maka ba. Tambaya ɗaya da jiran ranar kasuwa sun isa su hana duk wannan, amma son yabo da gaggawa suka sa yarinya ta raba kakarta da burinta na ƙarshe, kuma nadama ba ta mayar da shi ba. Iyaye su daina dariya in yaro ya ɗauki ƙaramin abu ba izini, don hannun da ya saba da almakashi shi ne zai kai ga adudu. Manya kuma ba su fita ba. Duk malamin da yaro ya kawo wa abin da ya fi ƙarfinsa, wajibi ne ya taka ya tambayi mai shi kafin ya yaba. Waɗanda suka kwashe 'yan tsanar nan kuwa, har yau ba su dawo da su ba. Hakkin tsofaffin Dangora ne, kuma zaren marigayiya ne a jikinsu. Su dawo da su, su zo gidan Malam Ubale su nemi afuwa, tun kafin sauran kakannin su bi bayan Iya Asibi.